Aikin hannu a lakwal: a bar yaro ya ƙago nasa

Duk wanda ya zauna ƙauye, ko a Gobir, ko a Adar, ko a Damagaram, ya san abin da yara ke yi bayan girbi. Karan dawa da na hatsi sun cika gonaki. Sai su tsinto su, su ɓare bayan karan, su fid da totuwa, su harhaɗa mota da ƙafafunta huɗu, har da wurin zaman direba. In damina ce suna bakin tabki suna ɗibar yumɓu, su gina sa da tozonsa da ƙahoninsa, ko raƙumi da sirdinsa. Ƴan mata suna gina ƴan tukwane, suna ɗinka ƴartsana da tsumma. A birni kuwa gwangwanin madara da waya da tsohon takalmin roba su ne kayan aiki. Ba wanda ya ba su darasi, ba wanda ya ba su maki.

Wannan yaro ne ake kaiwa lakwal in watan Oktoba ya kama, yana ɗan shekara 6 ko 7. Abin da ake fara koya masa shi ne ya zauna, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya yi shiru. Daga nan sai maimaita abin da mushe ya faɗa, da juyar abin da ya rubuta a allo. Shekara 6 zai yi a haka, kuma kusan kowace tambaya da za a yi masa amsarta guda ce, ko ya dace da ita ko ya faɗi. Karatu da rubutu da lissafi wajibi ne, ba mai gardama a kan wannan. Amma ƙasar da ke neman dogaro da kanta tana bukatar mutanen da za su dubi abin da ke gabansu su ƙago abin da babu. Irin wannan basira ba a haddace ta, sai an ba ta wurin motsawa, in ba haka ba ta dushe. Sana'o'in gado, waɗanda ke ƙofar kowace makaranta, su ne wuri mafi kusa kuma mafi araha da za a ba ta.

Maganar ba sabuwa ba ce

Tun zamanin mulkin mallaka aka shigar da aikin hannu cikin lakwal, sai dai ya shigo ta mummunar ƙofa. A shekarun 1930, lokacin da Jules Brévié, wanda ya riƙe Nijar daga 1922 zuwa 1929, ya zama babban gwamnan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, an yawaita abin da aka kira makarantun karkara. Yara su ɗan yi karatu, sauran yini suna gonar makaranta da hauya. Iyaye ba su ga bambancin wannan da aikin tilas da ake sa manya ba, suka kuma lura cewa karatun da ke kai yaro ga aikin biro yana can makarantun birni. Bayan yaƙin duniya na biyu aka yi watsi da tsarin, amma tabonsa ya zauna. A idon mutane da yawa lakwal ta gaskiya ita ce ta alƙalami, aikin hannu kuwa na yaron da ba a so ya yi nisa ne.

Da aka samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba, gaggawar da ake yi kuma ta samun ma'aikata ce. Sai a shekarun 1970 aka koma ga tambayar: wace irin makaranta ce ta dace da ƙasar manoma da makiyaya da masu sana'a? A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci ya shigo sannu a hankali. A 1974 aka kafa INDRAP, ma'aikatar da ke shirya littattafai da dabarun koyarwa. A 1982 babban taron ƙasa da aka yi a Damagaram kan makomar makaranta ya nemi a haɗa karatu da rayuwar jama'a. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1980, sabon tsarin karatu ya keɓe lokaci musamman domin ayyukan hannu da na samarwa, waɗanda malamai suka sani da sunan APP.

Ke nan a takarda ba a rasa komi ba. Abin da ya faru a makarantu da yawa shi ne lokacin ya koma na shara, da ɗibar ruwa, da gyaran darni, ko kuma mushe ya cinye shi da dikte da lissafi, tun da su ne ake tambaya ranar jarrabawa. Inda aka yi ƙoƙari ma, sau da yawa sai a sa aji duka su tufka igiya ko su ɗaure tsintsiya, iri ɗaya, tsawo ɗaya, a tara a sayar. Wannan yana iya kawo kuɗin alli, amma ga basirar yaro bai bambanta da juyar rubutu daga allo ba.

Abin da ke ƙofar makaranta

Kowane yanki da abin da aka san shi da shi. Mirya, kusa da Damagaram, ta yi suna wajen ginin tukwane da tuluna. Madawa an san ta da tabarmi. Kwarin da ya ratsa ƙasar Mayahi, saboda yawan goribarsa ne ake ce da shi Gulbin Kaba, kuma mata da yawa a can da saƙar kaba suke rufa wa kansu asiri. Fatar jar akuya ta Maraɗi ta kai har ƙasashen Turai saboda laushinta da ƙarfinta. Damagaram tana da majemai da dukawa, ga kuma zanen da magina suka yi wa gidajen unguwar Birni. Agadas tana da maƙeran azurfa. Ƙauyen da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya rasa maƙeri, ko mai saƙar faifai, ko gyartai.

A ɗauki yumɓu. Yaron da aka ba curi guda zai gane da hannunsa cewa in ruwa ya yi yawa gini ba ya tsayuwa, in ya yi kaɗan ba ya lanƙwasuwa. Zai ga maginiya tana daka tsingaro ta cuɗa cikin yumɓu, ko ta zuba ƙaiƙayi, domin kada tukunya ta tsage wajen bushewa ko wajen gashi. Zai ga ana shanya ta a inuwa, domin in rana ta busar da bayanta cikinta na ɗanye, sai ta dare. In ya auna bakin kaskonsa da zare ranar da ya gina shi, ya sake aunawa bayan mako guda, zai tarar ya ragu, shi da kansa kuma zai tambaya ina sauran ya tafi. Daga nan hanya ta buɗe ga mushe ya bayyana abin da ya sa ruwan randa ke sanyi alhali na bokitin roba yana ɗumi: randa tana tsatsafo da ruwa kaɗan-kaɗan ta jikinta, iska ta busar da shi, zafin ya tafi tare da shi.

Saƙar kaba kuwa lissafi ce tsantsa. Mai faifai tana farawa daga cibiya tana zagayawa, kowane zagaye ya fi na bayansa faɗi. In tana so adon ja da baƙi ya haɗu daidai inda ya faro, sai ta ƙirga, ta kuma ƙara ƙirgar a kowane zagaye. Yarinyar da ta saƙa ƙaramin faifai ta riga ta taɓa da'ira da rabawa da ninkawa kafin ta ga sunayensu a littafi. Launin ma daga gona yake, domin karan dafi yana ba da ja.

Rini ya fi duka burge yara. Ƙyallen da aka tsoma cikin ruwan baba yana fitowa da ɗan kore-kore, sai ya sha iska a gaban idonsu ya rikiɗe ya zama shuɗi. In aka ba kowane yaro ɗan farin ƙyalle da zare, aka ce ya ƙulle shi yadda ya ga dama kafin a tsoma, ranar da aka kwance za a ga ado 50 a aji mai yara 50, kuma ba wanda za a ce ya yi kuskure. Samun irin wannan darasi cikin mako ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ya saba da jan alƙalami a kayensa.

Jima ba aikin ƙananan yara ba ce, amma suna iya zuwa su ga yadda ake cire gashi da toka, a jeme fata da bagaruwa. Guntayen fatar da dukawa ke zubarwa sun isa a yi ƴar jaka ko marfin littafi. Haka zanen gida: dagi da sauran adon da ke jikin zauruka ana iya koyonsu a ƙasa da tsinke, sa'an nan a shafe wani gefen katangar makaranta da ɗanyen taɓo, a raba wa yara, kowa ya yi nasa.

Matakai uku

Malaman da suka daɗe da wannan aiki sun san yana da matakai uku. Na farko gani: a kai yara inda ake aikin, ko a kawo mai aikin, su duba, su taɓa, su yi tambaya. Gani ya kori ji. Na biyu kwaikwayo: yaro ya koyi riƙon kaba, da murza yumɓu, da ƙullin zare, yadda aka gada. Wannan mataki ba a tsallake shi, domin wanda bai iya riƙon kayan aiki ba, ko yana da tunani a kai ba zai fito ba. Na uku shi ne ƙagowa, kuma shi ne aka fi mantawa.

A mataki na uku mushe ba ya ajiye samfuri a gaban aji. Matsala yake kawowa. Ga alli yana karyewa a aljihu, a ƙago abin zuba shi. Ga kaji suna kifar da ruwansu, a gina musu abin sha da ba ya kifewa. Ga ƙanen wani yana kuka a gida, a yi masa abin wasa mai motsi ko mai ƙara. Kowane yaro, ko kowace ƙungiya ta yara huɗu ko biyar, ta nemi hanyarta. Wani kaskon zai tsage, wata motar za ta ƙi tafiya. Wanda nasa ya lalace ba a yi masa dariya, ba a kuma karɓe a gyara masa, sai a tambaye shi me yake gani ya jawo, me zai sake in an ba shi wani curin.

Bayar da maki ma sai an sake masa tsari. In kyan gani kaɗai ake dubawa, ɗiyar maginiya ce za ta zo ta farko kullum, sauran su karaya. Abin da ya kamata a saurara shi ne bayanin yaro: me ya yi niyya, ina ya ci tura, me ya sauya. Wannan bayani, in ya yi shi da baki a gaban aji, ko ya rubuta shi layi uku ko huɗu, ya zama darasin harshe kuma.

Mushe da mai sana'a

Mushe ya fito makarantar horon malamai, sau da yawa kuma daga wata jaha aka turo shi. Bai gaji ƙira ba, bai gaji saƙa ba, ba kuma abin kunya ba ne. Kuskure shi ne ya karanta saƙar tabarma a littafi ya zo ya koya wa ƴaƴan masu tabarma. Hanyar da ta dace ita ce ya nemi mai gari da iyayen yara su nuna masa wanda ya fi gwaninta da haƙuri, ya je har gida ya gaishe shi, ya roƙe shi.

Shi ma mai sana'a yana da abin da zai sassauta. A gargajiyance ɗan koyo yana shekaru yana zuga wuta ko yana ɗibar ruwa kafin a bar shi ya taɓa aiki, kuma in ya kauce daga yadda aka nuna masa tsawa ce za ta biyo. Wannan tarbiyya ta fid da gwanaye, amma makaranta ba ta da waɗannan shekaru, ba kuma magada take nema ba. Sai an zauna tun farko an yi shawara: mai sana'a ya riƙe mataki na farko da na biyu, na uku kuwa ya zama mai ba da shawara in an tambaye shi. Kada a sa darasin ranar kasuwa. Kada kuma a ɗauka lokacinsa kyauta ne. Ko kwamitin kula da makaranta bai iya biyansa da yawa ba, a saya masa kayan da aka ɓata, a kuma girmama shi a gaban yara kamar yadda ake girmama kowane malami.

Akwai ribar harshe a nan. Zuga-zugi, da uwar maƙera, da awartaki, da masaba, da mazari, da ƙoshiya, sunaye ne da yaran birni da dama ba su ƙara ji ba, mushe kuma ba zai same su a littafin Faransanci ba. Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta sanya harsunan ƙasa cikin harsunan koyarwa, a 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen da za a yi karatu da shi yana bukatar kalmomin aiki a rubuce. Waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci suna da aiki babba a nan. Suna iya zama da maƙeri ko maginiya, su rubuta sunayen kayan aiki da yadda ake bi daki-daki, su miƙa wa makarantar garinsu. Ɗan littafi mai shafi 10 da aka rubuta da hannu ya isa a fara.

A Yamai akwai misali tun da daɗewa. Gidan adana kayan tarihi na ƙasa, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, bai tsaya ga ajiye tsofaffin kaya ba. Ya ba maƙera da dukawa da masaƙa rumfuna suna aiki a gaban jama'a, ƴan makaranta suna zuwa suna kallo. Abin da yaron Yamai ke shiga mota ya je gani, yaron ƙauye yana da shi a bayan gidansu.

Damuwar iyaye

Uba na iya cewa bai kai ɗansa lakwal don ya koyi abin da zai koya a gida ba. Maganarsa tana da tushe, tarihin da aka ambata a sama ya isa shaida. Amsar da za a ba shi sai ta zama a aikace: lokacin aikin hannu ƙayyadadde ne cikin mako, ba ya cin na karatu, ba a kuma mayar da yara ƴan ƙwadago. In ya ga ɗansa ya gane awo da rabawa ta hanyar faifai, gardama ta ƙare.

Damuwa ta biyu ta fi wuyar faɗi. Ƙira da jima da dukanci gado ne, kuma har yanzu akwai gidajen da ke ganin ba ajinsu ba ne su taɓa su. Makaranta ba za ta kawar da wannan da huɗuba ba. Dabara ita ce a fara da yumɓu da kaba da kara, waɗanda kowane yaro ya taɓa wasa da su, sauran su biyo daga baya ta hanyar ziyara. A nan ne kuma ake ganin wani abu mai daraja. Ɗan maƙeri da ke zaune can baya, wanda dikte ya hana shi ɗaga kai, ranar da aka je maƙera shi ne ke bayani, ɗan mai gari yana saurare. Yaron da ya san akwai abin da ya iya a makaranta ba ya saurin guje mata.

Ta uku ita ce lafiyar yara. Azuzuwa da yawa na zana ne da kara. Gobarar da ta tashi a wata makaranta a Yamai cikin Afrilu 2021, da wadda ta tashi a Maraɗi cikin Nuwamba na wannan shekara, sun ci rayukan ƙananan yara masu yawa, kuma ba a manta ba. Saboda haka ba a gasa tukwane a harabar makaranta, sai a kai wa maginiya ta haɗa da nata. Ba a tara busasshiyar kaba kusa da aji. Wuƙa da basilla sai manyan azuzuwa, su ma a gaban malami. Kabar ma a koya wa yara yankanta da hankali, kada a taɓa zuciyar ƙaramar goriba, domin wadda aka aske kowace shekara ba ta zama itace.

Abin da ya rage

Tabarmar roba da bokitin roba sun cika kasuwanni, kuma sun fi araha. Sana'ar da za ta tsira a gabansu ita ce wadda ta samu masu sabon tunani, da masu saye da suka san darajarta. Duka biyun suna zaune a aji yanzu. Ko yaron da zai zama likita ko injiniya, in ya taɓa gina abu da hannunsa ya lalace ya sake, ya samu abin da zai yi masa amfani a aikinsa.

Aikin bai bukaci sabuwar doka ko kuɗi daga waje ba. Shugabannin da ke kewaya makarantu su riƙa tambayar abin da aka yi da lokacin aikin hannu kamar yadda suke tambayar lissafi. Makarantun horon malamai su sa ɗalibansu su taɓa yumɓu da kaba kafin su fita. Magadan gari da sarakuna su taimaka wajen haɗa makaranta da masu sana'a. Direktan kowace lakwal kuma ya sa rana guda kafin babban hutu, a shimfiɗa tabarmi a inuwa, a baje abin da yara suka yi, mai kyau da wanda ya tsage, a kira iyaye, kowane yaro ya tsaya kusa da nasa ya yi bayani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.